Shekarar da Muka Ci Jan Tuwo

Ran Juma'ar da ta wuce, da muka fito daga masallaci a nan Sabon Garin Gusau, na tarar ana rabon hatsi a bakin titi. Mota ce ta kawo shi cikin buhuna. Mutane sun yi layi, kowa da kwanonsa, ana ture-ture ana dariya. A cikinsu na ga wani saurayi da agogo a hannu, yana yi wa na gabansa ba'a wai kwanonsa ya cika girma. Da aka auna masa ya ɗora a keke, ya ratsa tsakiyar kasuwa, ko tsumma bai rufa a kai ba. Na tsaya ina kallonsa har ya sha kwana. Jikana ya ce, "Tsoho, ko kai ma layin za ka shiga?" Na ce masa ya wuce mu tafi. Ban gaya masa abin da ke raina ba, don ba zai gane ba. Ba tausayin saurayin nan na ji ba. Ƙyashinsa na yi.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Tsafe da Mada. Da rani na je gaisuwa, na tarar inda rumbun masallaci yake an kafa injin niƙa. Tun daga asuba yake ruri, kuma rurinsa iri ɗaya ne, ko hatsin wa aka zuba masa. A zamanin da nake tasowa, kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau, ba haka safiya take ba. Zakara ya yi cara, ladan ya kira salla, sai turame su ɗauka. Kana kwance kana iya gane kowane gida da dakansa. Wannan luguden matan gidan maƙera ne, wancan mai nauyi a hankali tsohuwar bayan rijiya ce, wannan da ba ya tsallake bugu ɗaya na Inna ne. Gidan da aka ji dakansa, an san ya kwana lafiya kuma yana da abin ci. Gidan da aka ji shiru, kafin hantsi an aiko tambaya.

Sai na fara bayanin rumbun, don in ba a san shi ba ba za a gane sauran ba. Babban rumbun ƙasa ne a bayan masallaci, bakinsa a sama, an kifa masa jinka, sai da tsani ake hawa. Ba na sarki ba ne, ba kuma na liman ba, ko da yake liman ke lura da shi. Da kaka kowane gida ya kai abin da ya sawwaƙa, dami ɗaya ko fiye. In damina ta shigo hatsi ya yi wuya, sai a riƙa buɗe shi ran Juma'a bayan an sauko, a miƙa wa wanda ya zo. Ba a taɓa kwashe shi ƙarƙaf ba. A ɗebi na sama, kaka ta zo a zuba sabo a kan tsoho. Ba wanda ya taɓa faɗa da baki, amma gidajen garin iri biyu ne, akwai masu zubawa, akwai masu ɗiba. Makafi, da matan da mazansu suka rasu, da baƙi, da gidan masaƙin da muke katanga ɗaya da shi, su ne masu ɗiba. Mu masu zubawa ne, tun kakanmu. Abin da ke rarrabe mu kuwa kowa na ganinsa a akushi. Yawancin mutane jar dawa suke kaiwa rumbun, don ita ce ba su damu da ita ba, saboda haka tuwon masu ɗiba ja ne. Yara har waƙar tsiya suke yi wa mai jan baki.

Baba mutum ne mai tsari, kuma a hannunsa na koyi duk abin da na sani. Farfara yake nomawa, farar dawa mai farin tuwo. Ranar da aka gama girbi yakan tsaya a bakin gona ya ce, "Iri tukun, sannan na masallaci, sannan na gida." Bai taɓa sauya wannan jerin ba. Na masallacin ma mafi cikar zangarniya yake zaɓa, kuma shi ke riga kowa kaiwa, don haka nasa ne kullum a ƙasa, na mutane a kai. Ɗaurinsa daban yake. Kowa da ɓawon kalgo yake ɗaure dami, shi sai da kitsattsiyar kaba, ɗauri biyu, a tura ƙullin ciki yadda ba a ganin bakinsa. Na sha ranƙwashi kafin hannuna ya iya. Lokacin da nake ba da labarinsa na zama saurayi, gemu ya fara tsiro mini, ni ke ɗaure rabin dammunan gidanmu, Baba ya bi yana dubawa.

Sai shekarar nan ta zo. Ruwa ya sauka muka yi shuka, ya ɗauke, shuka ta ƙone. Muka sake, ta sake ƙonewa. Abin da muka girba a kakar bai kai na rabin shekara ba, duk da haka Baba ya fitar da iri, ya fitar da na masallaci. 'Yan'uwan Inna suka zo daga Bungudu da jakuna wayam, bai mai da su wayam ba. Kafin sabuwar damina ta kankama mun share rumbunmu da tsintsiya. Daga nan muka koma kan dusa, daga dusa muka koma tafasa da yaɗiya, daga nan sai anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar da ruwa an sake jiƙawa kafin su ciwu. Manya suna iya jurewa. Auta ce ba ta iya ba. Ita ce ƙanwata ta ƙarshe, ba ta daɗe da fara famfarar haƙori ba, yarinya mai surutu da ba ta barin kowa ya huta. Cikinta ya ƙi anza. Da fari ta daina gudu, sannan ta daina fita ƙofar gida, sannan ta daina magana. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura. A gidan wani mai zubawa irinmu, can ƙarshen unguwa, an riga an kai ƙaramin yaro makwanci, aka ce zazzaɓi ne. Kowa ya san ba zazzaɓi ba ne.

Duk wannan lokaci turmin Inna bai fasa ba. Baba ne ya ce kada ya fasa. Kowace safiya takan zuba ƙaiƙayi a turmi ta yi ta bugu, daidai tsawon lokacin da take ɗauka in tana surfe, don maƙwabta su ji gidanmu na nan yadda yake. Ina kwance ina jin yadda numfashinta ke fita tsakanin bugu da bugu.

A nan ne ƙyashin ya shige ni. Masaƙi yana da ɗa sa'ana, tare aka yi mana kaciya. Tun muna yara ni ke gaba. Ni ke kayar da shi a kokawa, ni ke riga shi fita kunya a gona, kuma ba na musun cewa ina cikin masu yi masa waƙar jan baki. A shekarar nan sai ga shi kumatunsa ba su faɗa ba. Kowace Juma'a yakan bi ubansa bayan masallaci, ya dawo da dami a ka yana fito, yana gaida mutane, ba ya ko sauya hanya. Da yake shi ke da sauran ƙarfi a cikin samari, shi liman ya riƙa sa wa ya shiga cikin rumbun yana miƙo dammuna. 'Yan mata a bakin rijiya suka fara kiransa sarkin rumbu. Ni kuwa in na sunkuya da fartanya sai ƙasa ta juya mini. Ba tuwonsa kaɗai nake ƙyashi ba. Yadda yake ɗaga kai da damin nan, kamar daga gonarsu ya ɗauko, shi ya fi ci mini rai. Su ba su da sunan da za su tsare, don haka suna ci su ƙoshi su yi barci. Mu muna da suna, shi muke kwana da shi.

Wata Juma'a ina zaune a ƙofar gida, ya zo wucewa da daminsa. Tun daga nesa na ga farin zangarniya. Da ya matso na ga kaba, ɗauri biyu, ƙulli a ciki. Na ƙasan ya ɗan karkace hagu, yadda nawa ke karkacewa. An ci na sama an iso kan namu.

Na ce, "Kai, sauke damin nan."

Ya ce, "Don mi?"

"Ni na ɗaure shi."

Ya karkato kai ya duba, ya yi murmushi. "Ai kuwa ka iya ɗauri. Wancan satin sai da na sa haƙori na kwance irinsa. In kana so, in mun sussuke in kawo maka kabarka."

Da ina da ƙarfi da na kai shi ƙasa. Ba ni da shi, kuma ya sani. Na shiga gida na tarar da Baba yana gyaran ƙotar fartanya. Ban taɓa tsayawa a kansa ina magana ba sai ranar. Na ce farfararmu ce ake ci a gidan masaƙi, ni na yanke ta, ni na ɗaure ta, ga Auta kwance. Na ce in shi ba zai je ba, ni in je.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wane ne ya ce maka taka ce? Ranar da muka kai ta, ta tashi daga tamu. Abin da na ba Allah ba ni komawa in amsa. Kuma ɗan gidan ga bai ɗiba. Zauna ƙasa in kana magana da ni."

Na zauna.

A lokacin akwai ciyayya. Bayan magariba magidantan unguwa kan taru a ƙofar gidan mai unguwa, kowa a kawo masa akushinsa daga gida, a jera, a buɗe ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Abin da ya rage a kowane akushi a rufe a mayar gidan mai shi, na yara ne. Yanzu kowa ya shige ɗaki ya ci nasa, ba wanda ya san abin da ke tukunyar wani. A shekarar nan akussa sun yi sauƙi, amma ba a fasa fitowa ba. Baba yakan sa a kawo kwaɗon tafasa, ya ce cikinsa ne ba ya son tuwo kwanan nan, in an buɗe na wasu ya taɓa da yatsa biyu ya janye hannu. Mu samari muna gefe a tabarmarmu. A daren Juma'ar nan aka buɗe akushin masaƙi, sai ga tuwo fari fat. Masaƙin mutum ne siriri mai yawan raha, ya ce, "Malam, sa hannu mana. Ko baƙonka ne wanga tuwo?" Baba ya ce ya ƙoshi.

Da aka tashi na ɗauki akushinmu, na ji ya fi yadda na kawo shi nauyi. Ban buɗe ba sai a gaban Inna. Malmala guda ce, fara, masaƙi ya saka kafin a rufe. Inna ta dube ni, ta dubi ƙofa. Ta dama rabi da ruwan ɗumi ta tallafo kan Auta. Yarinyar ta sha, ta huta, ta miƙa hannu da kanta ta gutsuri sauran. Ana cikin haka Baba ya shigo. Auta ta ɗaga ido, ta yi maganar da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, tuwonmu ya dawo."

Ya tsaya. Na zaci zai ce a mayar. Ya ce da Inna, "Kada a sake." Ya shige ɗakinsa.

Washegari zakara ya yi cara, aka kira salla, turame suka ɗauka. Namu shiru. Na fito na tarar Inna ta kife turmin a tsakar gida, ta jingine taɓarya, tana zaune da Auta a cinya. Baba ya dawo daga masallaci ya ga turmin.

Ya ce, "Mi ya samu turmi?"

Ta ce, "Ba abin da ya same shi, Malam. Ni ce na gaji da yi masa ƙarya."

Kafin ya amsa, matar masaƙi ta yi magana ta kan katanga. "Maƙwabta, lafiya ba mu ji ku ba?"

Inna mace ce da ba a jin muryarta daga ɗaki zuwa zaure. Ranar ta ɗaga ta yadda gida uku za su ji. "Lafiya lau. Ba mu da abin dakawa ne."

Sai matar ta ce, "Yaya, ai mun daɗe da sani. Turmin ƙaiƙayi ba ya ɓuya ga mace. Tun farkon damina muke jinki, muna cewa baiwar Allah ga za ta kashe kafaɗunta a banza."

Na dubi Baba. Abin da muka sha ɗacin anza dominsa, ashe duk matan unguwa sun san babu shi. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙafafun Auta. Sannan ya ce da ni, "Ɗauki fartanya." Muka tafi gona. Duk satin bai ƙara tada maganar ba, bai kuma ce a tada turmi ba. Kullum da yamma sai ga ƙwarya ta kan katanga da ɗan kunu, Inna ta karɓa a gabansa, ya kau da kai.

Ran Juma'a ya sa farar rigarsa ta idi, ya naɗa rawani. Da aka sallame bai bi ƙofar gaba ba yadda ya saba. Ya ce, "Biyo ni." Muka zaga bayan masallaci. Masu ɗiba suna zaune a inuwar rumbu, makafi a gaba, mata a gefe guda. Da suka gan shi wasu suka fara tashi, sun ɗauka wani abu ya kawo. Liman ya taso da sauri ya rage murya, ya ce, "Malam, koma gida, in an watse zan aiko maka." Baba ya ce, "Wa ke ƙarshe?" Masaƙi ne ƙarshe. Baba ya je bayansa ya zauna a ƙasa da farar rigar nan. Na zauna a bayansa, kunnuwana kamar an sa musu wuta. Mutanen da suka fito ta ƙofar gaba suka riƙa leƙowa.

Masaƙi ya waiwayo ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Wurin ba shi da wuya. Ka zauna, a kira ka, ka miƙa hannu. Yau kaɗai ne da nauyi."

Baba ya ce, "Juya gabanka."

Da aka zo kanmu, ɗan masaƙi ya leƙo daga bakin rumbu, ya ga ko su wane ne, ya nutse, ya fito da dami mafi girma, fari, da kaba ɗauri biyu. Aka sauko da shi ta tsani aka aje gaban Baba. Liman ya ce, "To, ka ga ikon Allah. Naka ne ya jira ka." Mutane suka yi ta gyaɗa kai, ni ma har na miƙa hannu zan ɗauka. Baba ya buge hannuna.

Ya ce, "Wanga na riga na bayar. Ku ba wani. Ni abin da ake ba masu ɗiba na zo amsa. A ba ni ja."

Liman ya ce ja ta yi wuya, an kusa cinye ta. Baba ya ce zai jira. Muna jin ɗan masaƙi yana motsi a ciki yana tari, can ya miƙo wani ɗan dami siriri da ya maƙale a jikin bango. Jar dawa ce, zangarniyar duk ƙanana, ɗaurin a sake, kuma ba da kalgo aka ɗaure ba, da guntun saƙi ne. Masaƙi ya miƙe ya leƙa, sai ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa.

Ya ce, "Wallahi nawa ne. Shekarar da ɗan fegina na bayan gari ya yi kyau na kawo shi, ban gaya wa kowa ba don kada a yi mini dariya. Malam, a ce wa uwargida ta rege da kyau, akwai tsakuwa."

Baba ya juya damin, ya duba ƙullin, ya ce, "Wanga ba ɗauri ba ne." Sannan ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Allah shi saka." Bai ba ni in ɗauka ba. Shi ya aza a kan rawaninsa, muka bi ta babbar hanya.

Da la'asar aka ji turmin Inna, bugu mai nauyi, na gaske. Da magariba ni na kai akushi ciyayya, Baba ya ce a fara da nasa, ya ɗaga faifan da hannunsa. Tuwo ja wur. Ya ce, "Bismilla. Na masaƙi ne, ku yi hankali da haƙoranku." Juma'ar da ta biyo, mai gidan ƙarshen unguwar nan da yaronsa ya rasu ya zo ya zauna a bayan Baba, da shi da wasu da ban taɓa zaton zan gani a wurin ba. Liman ya sa aka riƙa ware duk jar dawar da aka tono domin gidanmu, har aka fara cin tumu.

To, ga yadda aka ƙare. Duk daminar nan ɗan masaƙi yana cin farfarar da na ɗaure, ni ina tauna jar dawa da tsakuwa. Ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, ni na yi masa wanka, amma ban taɓa gaya masa na huce ba, don ban huce ba. Shi an haife shi da iya miƙa hannu, mu sai da muka kusa haƙa kabari muka koya. Saurayin nan mai keke ma haka, ya samu a sauƙaƙe, bai san akwai gidan da aka daka ƙaiƙayi a kansa ba.

Auta ta tashi. Kumburin ya sace, surutun ya dawo har ya fi na da. A Bungudu ta yi aure, yanzu ita ma ta ga jikokin 'ya'yanta. Duk lokacin da na je, takan sa a tuƙa mini farin tuwo, ta ce ta san halina. Nata daban ake tuƙawa a ƙaramar tukunya. Har yau ba ta cin fari. Ta ce ba ya riƙe mata ciki.